Simintin Kanar

Sai da yatsanta ya shige cikin bango sannan Rafe ya lura da ita.

Lahadi ce, ranar da ake buɗe gidan Elmscote ga baƙi masu sayen tikiti. Rafe Meverell, ɗan gidan tilo, yana gaban wasu tsofaffi yana maimaita musu abin da mu 'yan ƙauyen muka haddace tun muna yara: shekara ɗari huɗu, tagogi arba'in da ɗaya, bututun hayaƙi tara. Sai ya hango wata budurwa ta tsallake furanni ta tsaya a jikin bangon kudu. Ta danna dutsen, yatsan ya lume kamar cikin burodi, gari ya zubo mata a takalmi.

"Malama! Don Allah, ba a taɓawa!"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Wane marar imanin ne ya yi wannan?"

"Ke ce fa, yanzu a kan idona."

"Ba ramin nake nufi ba." Ta bi layin toka-toka da ke tsakanin duwatsun da farce. "Wa ya ɗura wa gidan nan siminti?"

"Babana," in ji Rafe, har da ɗan alfahari. "Da hannunsa, shekara ashirin ke nan."

A nan ta juyo, baki buɗe. Shi ma ya saki nasa bakin, amma kowa da dalilinsa. Ni da nake dafa wa baƙi shayi a tsohuwar bargar dawakai, daga ƙofa na ga yaron nan ya manta da tsofaffinsa sarai.

Sunanta Tamsin Orchard, 'yar magini, jikar magini, gyaran tsofaffin gine-gine ne aikinta. A teburina ta yi masa bayani, shayinta ya huce ba ta kurɓa ba. Maginan da, da farar ƙasa da yashi suke haɗa dutse da dutse, ruwan sama in ya shiga ya fita ta cikin kwaɓin. Siminti kuwa ba ya barin komai ya fita. Ruwan sai ya kwanta cikin dutsen, sanyi ya daskarar da shi, dutsen ya ruɓe daga ciki.

"Ka ga babbar tagar can ta sama? Kada ka bar kowa ya tsaya a ƙarƙashinta."

"To. Amma sai kin ba ni lambarki, ko da zan manta wace taga ce."

Kwana biyu ya yi haƙuri, a na uku ya rubuta mata:

"Malama mai huda gidajen mutane, raminki yana nan. Kullum da safe sai na je na gaishe shi."

"Mai tikiti, bar gaisuwa. Ka kewaye ƙarƙashin tagar da igiya?"

"Na ɗaura. Ni ma fa ina bukatar gyara."

"Sai gini ya kai shekara ɗari uku nake kula shi."

"Zan jira, zuciyata."

Haka aka fara. Kafin furannin bakin ƙofa su kaɗe, kowa a ƙauye ya san farar motar Tamsin, kuma Rafe ya fara zuwa shan shayi da ƙurar farar ƙasa a kafaɗarsa. Ban tambaye shi ba. Ina da ido.

Saura uban. Kanar Aubrey Meverell tsohon soja ne, mutumin kirki, amma in ya kafe a kan abu to sai dai a kewaye shi. Ranar da za a gabatar da ita, Rafe ya riƙe hannunta a mota.

"Don girman Allah, masoyiyata, ki yi zancen komai ban da bango."

Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi. Ta yabi karnuka, ta yabi matakalar katako, ta ci kek yanka biyu. Kanar ne da kansa ya ja ta waje ya tsayar da ita a gaban bangon, hannu a baya.

"An ce kin san gini, Malama Orchard. Ya kika ga aikin?"

Rafe ya runtse ido.

"Layinka a miƙe yake, Kanar, hannunka da kyau," ta ce a hankali. "Amma sai an cire shi duka. Yana riƙe ruwa a cikin bango. Yana kashe gidan."

"Yana riƙe ruwa," ya maimaita. Fuskarsa ta yi fari fat. "Rafe, raka baƙuwarka mota."

Da yamma ya yanke hukunci: muddin yana numfashi, yarinyar nan ba za ta sake taka Elmscote ba, balle da zoben ɗansa a hannu. Mu duka muka ɗauka girman kai ne. Na faɗa da bakina, kuma har yau ina jin kunya.

Cressida ta ga ƙofa a buɗe. 'Yar maƙwabta ce mai dawakai, wadda tun suna yara ake haɗa ta da Rafe. Ta zauna kusa da Kanar tana cewa bango lafiyarsa ƙalau, fenti mai hana ruwa kawai yake so. Sati biyu bayan haka wasiƙar hukuma ta iso: jami'in kula da tsofaffin gine-gine zai zo duba bangon kudu. Rafe bai tsaya tunani ba ya ɗauki waya ya kira Tamsin.

"Ke kika kai ƙarar Baba?"

"Tunda har ka iya tambaya, amsa ba ta da amfani."

Sati uku babu wanda ya sake rubuta wa wani. Yaron ya rame, ko biskit ɗina ya daina sata.

Jami'in ya zo ranar bikin lambu na watan Yuli. A gaban mutane ya zaro takarda ya ce ai takardar neman izinin fenti ce ta kawo shi, ga sa hannun Malama Cressida. Rafe ya daskare a tsaye. Ita kuwa Cressida tun da safe ta kwance igiyar, wai tana ɓata hoto, ta sa an shimfiɗa teburin kek daidai ƙarƙashin babbar taga. Ni ce a bayan teburin.

Ƙarfe uku na matsa taku biyu in ƙaro ruwan zafi. Sai na ji tim! Dutse kamar buhun dankali ya raba teburin gida biyu, a daidai inda na bari yanzu. Kek ɗin matar limamin coci ya fantsama har rigar jami'in. Babu wanda ya yi ihu. Mutum sama da ɗari, kowa ya ɗaga kai yana kallon giɓin da ke saman tagar.

Cikin rabin awa farar mota ta iso da katakan tokara.

Rafe ya tare ta. "Tamsin, na yi kuskure, na..."

"Don gidan na zo. Riƙe nan."

Da ta gama tokare tagar, Kanar ya ce ta biyo shi sama, Rafe ya bi su. Na kai musu shayi, kuma ban fita ba, ba wanda ya ce in fita. Ɗakin da ke bayan tagar na marigayiya Rosalind ne, matar Kanar. Ya tsaya a gefen gadon.

"Ciwon ƙirji gare ta," ya ce. "Iska tana shigowa ta kowace tsaga, tana tari. Na ɗauki tsani na toshe su ɗaya bayan ɗaya, wata huɗu ina yi." Ya buɗe taga ya nuna gefen dutsen daga waje. A jikin simintin akwai ɗan gurbin babban yatsa. "Ranar da na iso nan ta miƙo hannu ta danna, ta ce ta sa hannu a aikin. A Fabrairu ta rasu."

Rafe ya jingina da ƙofa. Shekararsa takwas a lokacin, bai taɓa jin wannan ba.

"Kin ce yana riƙe ruwa. Tun ranar barcina ya ƙaurace." Kanar ya juyo ga Tamsin. "Yarinya, ke da ba ki iya ƙarya ba, gaya mini. Ni na rufe ta a cikin danshi?"

"Wata nawa ta yi a ɗakin bayan ka gama?"

"Biyar."

"Siminti ba ya nuna halinsa a wata biyar, Kanar. Shekaru yake ɗauka. A wannan sanyin iska ba ta shigo ba, ɗakin nan ya yi ɗumin da bai taɓa yi ba tunda aka gina shi. Dutse ka cuta. Ita kam ka ɗumama ta."

Tsohon soja ya zauna a bakin gado ya yi kuka kamar yaro. Ni ma na yi, a cikin tawul ɗin shayi.

Washegari Kanar ne ya fara ɗaukar guduma. Rafe kuwa aka mayar da shi lebura, wata shida yana kwaɓa farar ƙasa har tafin hannunsa ya tsage, kafin ta yarda ta yi masa murmushi. A saman katakan hawa gini ya durƙusa, ya kusa faɗowa.

"Ban kai ɗari uku ba, zuciyata, amma na tsufa a watannin nan. Ki aure ni."

"Tashi, mai tikiti, kafin in tsince ka a cikin furanni. Na yarda."

A watan Mayu aka ɗaura aure a cocin ƙauye, aka yi walima a gindin bangon kudu, sabon kwaɓi yana haske kamar madara. Kanar ya ƙi ɗaga kai ya dubi tagar. Ya san jami'in ya ce a cire komai. Kafin a yanka kek, amarya ta tattare rigarta ta kama hannunsa.

"Baba, zo ka duba mini wani aiki."

Suka hau sama, muka bi su. Ta buɗe taga. Duk faɗin bangon babu sauran siminti sai guntu ɗaya kamar tafin hannu, an kewaye shi da farar ƙasa, gurbin yatsan yana nan a tsakiya.

"Na gaya wa jami'in shi ma wannan tarihi ne," in ji ta.

Kanar ya ɗora babban yatsansa a gurbin. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya haɗa hannunta da na ɗansa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ɗumama muku ɗakinku," ya ce. "Rosalind, ga 'yarki ta shigo gida."