Yaran Tsallaken Kanal

Mudassiru ya zo duba shirin kare lafiyar ɗalibai ne, sai ya ɓuge da satar kallon malamar aji uku. Ƙungiyar da ke tallafa wa makarantar ce ta turo shi ƙauyen, can bayan Kadawa. Ya tarar an share fili fes, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, bulalai duk sun yi ɓatan dabo. Amma rabin bencinan ajin Malama Nafisat babu kowa.

"Malama, ina sauran yaran?"

Ta sunkuyar da kai. Sai da aka tashi ta kai shi bakin babban kanal na noman rani, ta nuna masa wani bututu da ya ratsa ta saman ruwan, ruwan kuwa na gudu ba wasa.

"Ta nan yaran rugar tsallake suke bi kullum. Yau hedimasta ya ce su zauna a gida, kada ka gani a cire mu daga shirin." Ta juyo ta dube shi. "Kuma hedimastan babana ne."

Tun daga ranar Mudassiru bai sake samun sukuni ba. Aikin da ya ƙare a wuni ɗaya, sai ga shi yana ta ƙirƙiro dalilan komawa. Har ya fara zuwa zance, babanta Malam Sammani na amsa gaisuwarsa da fara'a.

Sai rahoton Mudassiru ya fita, da batun bututu a ciki. Aka kira Malam Sammani ofishin ilimi, aka yi masa faɗa a gaban tsofaffin ɗalibansa. Ya dawo gida ransa a ɓace.

"Ashe leƙen asiri ya kawo shi gidana! Kada in ƙara ganin ƙafarsa."

Lukmanu dillalin tumatir, wanda ya daɗe yana neman Nafisat, ya ga faɗuwa ta zo masa daidai da zama, kwandunan tumatir suka fara sauka a ƙofar gida. Ita kuwa ta rame, kullum cikin kuka.

Mudassiru ya turo saƙo: "Nafina, da na ɓoye, ranar da yaro ya faɗa ruwan nan da wane ido zan kalle ki? Ina son ki, amma ba zan janye abin da na rubuta ba."

Ta amsa: "Ban ce ka janye ba, masoyina. Ni na kai ka wurin, kuma yau zan gaya wa Baba."

Ta durƙusa ta gaya masa. Ya daina cin girkinta, gaisuwarta ma da kai yake amsawa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Wata safiya ta hango babanta a tsakiyar bututun, ya naɗe ƙafar wando, yana tsallakar da yara ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa hawa ba sai ranar. Da ya sauko, ko kallonta bai yi ba, ya ce:

"Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Da aka watse, Malam Sammani ya riƙe hannun ango.

"Ka faɗi gaskiya a kaina, kuma har yau da zafi. Ita ma ka riƙa faɗa mata, amma a hankali, ɗana. Allah ya yi muku albarka."