Wanda Ya Shafe Faifan Asibiti

Ranar wata Litinin a daminar 1988, Dakta Abdulƙadir ya shigo caji ofis na Dutsin-Ma yana huci. Shi ne shugaban wani ƙaramin asibitin masu tarin fuka da ke bakin gari.

"Sufeto, a kama mini Zipporah, mai kula da kwamfutarmu. Ta lalata faifan da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya."

Sufeto Tukur ya ɗauki hularsa. "Sai na gani tukuna, likita."

A asibitin ya tarar da mutanen ƙauyukan Tamawa da Kuki zube a ƙarƙashin dalbejiya, sai tari suke yi. Wata tsohuwa, Gogo, ta riƙe masa hannun riga.

"Ɗana, da ƙafa na zo. Sun ce na'ura ta manta maganina."

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya wuce ɗakin kwamfuta, ya sami Zipporah idanunta sun yi jajir.

"Me ke cikin faifan?"

"Sunan kowa, yallaɓai, da irin ƙwayar da yake sha, da wadda jikinsa ya ƙi. Ran Juma'a lafiya lau na bar su. Yau na saka, babu komai."

"Ba ku da kwafi a wani wuri?"

"Na roƙa a ajiye wasu a ofishin likita, aka ce ɓarnar faifai ce."

Dakta ya sunkuyar da kai. Sufeto ya harare shi, ya juya ga ƙofa. Ba a ɓalle ta ba. Faifan ma suna jere a akwatinsu, ba ƙuna, ba jiƙa.

"Me ke shafe faifai ba tare da ya bar tabo ba?"

"Mayen ƙarfe," in ji Zipporah. "Ranar da aka kawo na'urar na tara ma'aikata na gargaɗe su, ko rediyo kada a matso da ita nan."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Malam Sa'idu, babban akawu."

Malam Sa'idu na zaune bayan tafiretarsa da aka lulluɓe da ƙyalle. Ya tarbi Sufeto da fara'a.

"Ranka ya daɗe, ni me na sani game da wannan abu? Ran Juma'a tun hantsi na tafi Kurfi wurin suna. Yarinyar ce dai ba ta da natsuwa."

Sufeto ya fita. Ya hau babur ya nufi kasuwa, layin masu gyaran rediyo. A rumfa ta uku, wani mai suna Julius ya ɗago daga kan aikinsa.

"Mayen ƙarfe? Akwai wanda ya karɓi na wata tsohuwar lasifika, babba. Ya ce yaransa za su yi wasa."

"Yaushe?"

"Juma'a, ana shirin tafiya masallaci."

"Ka san shi?"

"Akawun asibitin tari. A aljihu ma ya zura shi."

Sufeto ya koma ransa a ɓace. Ya sa aka kira Malam Sa'idu ɗakin kwamfuta, gaban likita da Zipporah.

"Ka ce tun hantsi kana Kurfi?"

"Ƙwarai."

"To wa Julius ya gani a rumfarsa da azahar?"

"Kama ce. Mutane suna kama da juna."

"Ba ni makullanka."

Malam Sa'idu ya ciro su, ya ajiye a tebur. Sufeto ya zuba ƴan filfilan maƙale takarda kusa da su, ya ɗaga zoben makullan a hankali. Filfilan suka biyo, suna reto.

"Zipporah, miƙo naki."

Nata ba su ɗauki ko ɗaya ba.

"Makullanka sun zauna aljihu ɗaya da mayen ƙarfe, Malam. Su ma kama ce?"

Gumi ya keto wa akawun. Nan take ya fashe da magana.

"Tun kafin a haife ta nake buga takardun asibitin nan! Aka kawo akwati, aka kawo yarinya, aka mayar da ni mai gadin tafireta. Ana masallaci, ita ta tafi cin abinci, na shigo na goga shi a kan faifan. So na yi a kore ta, a dawo mini da aikina. Ban yi nufin cutar da kowa ba."

Sufeto ya buga tebur har filfilan suka watse.

"Ba ka yi nufi ba? Leƙa taga! Mutanen can da ƙirjinsu ka yi wasa don kujerarka. Wanda aka ba ƙwayar da ba tasa ba ya mutu, wa ya kashe shi?"

Ya juya ga likita. "Kai kuma ka ƙi ajiye kwafi, sannan ka zo in ɗaure maka marar laifi. Ka ba ta haƙuri yanzu, ina tsaye."

Dakta Abdulƙadir ya ba ta haƙuri, murya ƙasa-ƙasa. Zipporah ta miƙe. Ta ɗauki biro da takarda ta fita wurin marasa lafiya, don ta fara tambayarsu magungunansu ɗaya bayan ɗaya.

Wani kofur da ya rako Sufeto ya saka wa Malam Sa'idu ankwa. Da suka nufi ƙofar baya, Sufeto ya tsayar da su.

"A'a. Ta gaba za ku bi da shi, ta tsakiyar marasa lafiya. Ya kalli fuskokinsu."