Sifika Biyu a Silin Ɗin Ustaz Rushdi

Ranar da Basim mai haɗa sifikoki ya fara shiga gidan Ustaz Rushdi a unguwar Muharram Bek, ruwan hunturun Iskandariya na ta zuba. A falo ya tarar da wata budurwa zaune dab da kunnen tsohon, duk abin da aka faɗa a talabijin sai ta maimaita masa da ƙarfi. Muryarta duk ta dushe.

Shahira ke nan, 'yarsa tilo. Shekara bakwai tana wannan aiki, tun rasuwar mahaifiyarta. Ƙarar injinan tashar jiragen ruwa ce ta cinye kunnen babanta.

"Har tallan sabulu nake maimaitawa," ta ce da murmushin gajiya. "Don Allah ka taimake ni."

Nan take ta kwanta masa a rai.

Ya fara ajiye doguwar sifika a ƙasan talabijin, tsoho ya ce bai ji komai ba. Ya dawo ya huda silin, ya dasa sifika biyu daidai saman kujerarsa, ya rage rugugin, muryoyi suka fito tas.

Ustaz Rushdi ya taɓe baki. "Hayaniya ce zalla. Shahira, me ya ce?"

Sau biyar Basim yana dawowa gyara, shaƙuwa tana ƙaruwa. Da ya nemi aurenta, tsohon ya wanke shi tas.

"Sifika ta gagare ka, mace za ka riƙe? Ga Midhat ɗan ƙanena a saman benenmu, hawa ɗaya ne tsakani."

Midhat ɗin kuwa, Allah na tuba, gaisuwa ma aiki ce a wurinsa, amma ya iya zuga. Shi ya hure wa Shahira kunne cewa da gangan Basim ke ɓata aikin don ya riƙa zuwa. Ta yi kuka ta gaji, ta tura wa Basim saƙo:

"Basim, in wasa kake da kunnen babana don ka gan ni, ka cuce ni. Ba zan tafi in bar shi cikin shiru ba. Ka manta da ni."

Ya amsa: "Hasken idona, wallahi iyakar iyawata na yi. Gobe zan zo in cire kayana. Mantawar ce dai ban iya ba."

Washegari da la'asar yana kan tsani da sukurdireba a hannu. Shahira ta shige kicin, ko kallonsa ba ta yi ba. Wani tsohon wasan barkwanci ake nunawa, ɗan wasan ya saki wata magana alhali ya ba kyamara baya. Sai tsoho ya tuntsire da dariya.

Ya ɗago, suka haɗa ido. Dariyar ta ɗauke.

"Ammu," in ji Basim, wato baffa a Larabcinsu, "ashe kana ji."

"Tun ranar da ka huda silin." Tsohon ya sunkuyar da kai. "In na ce ina ji, tafiya za ta yi. Ba labaran nake so ba, ɗana. Zamanta kusa da ni nake so."

Tausayi ya kama Basim.

"Ba zan gaya mata ba, Ammu. Bar shi a kan aikina ne bai yi ba."

Ya ɗora sukurdireba a kan sifika ta farko.

"Sauko!" Tsohon ya daka masa tsawa, hawaye na bin gemunsa. "Shahira! Zo ki ji abin da ubanki ya aikata."

Ya faɗa mata komai da bakinsa. Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, sannan ta juya. "Basim, ka yafe min."

"Ban taɓa riƙe ki ba, rabin raina."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a falon. Malam ya rufe hannun ango da na uban amarya da farin hankici, aka gama, aka yi Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa. Aka ɗauke hankicin, amma Ustaz Rushdi bai saki hannun Basim ba. Sai da falon ya yi tsit.

"Ammu, kullum za mu riƙa zuwa."

"Ba za ku iya kullum ba, kuma ban nema ba." Ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ɗauke ta ku je. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku."