Hassumi Da Tseren Mita Ɗari Huɗu

"Wa ya ba ka izinin taɓa min mota?!"

Muryar Hassumi ta cika garejin, har masu shan shayi a bakin titin Faisal suka waiwayo. Tana tsaye riƙe da ƙugu, idonta a kan a-kori-kurar babanta da aka ɗage sama. Giyabos ɗin motar na ƙasa, gefensa kuma ga wani baƙon giyabos naɗe cikin leda.

Sharhabilu ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu da tsumma.

"Sannu da zuwa, hasken idona..."

"Kar ka kira ni haka! Mene ne wancan?"

"Otomatik ne. Wallahi ban ɗaura ba. Kulocinki na sauke, ya sake ƙonewa, karo na uku ke nan. Wancan kuwa na kawo shi ne ki gani, mu yi shawara."

"Shawara?" Ta yi wata dariya mai ɗaci.

Ita kaɗai Allah ya ba Alhaji Sabo, tsohon direban babbar mota ɗan Maraɗi, wanda yanzu ke da shagon littattafai da abayoyi a unguwar Darrasa ta birnin Alƙahira. Tun tana shekara goma sha huɗu ya ɗora ta kan sitiyari, ya koya mata giyar hannu kamar yadda ake koya wa yaro Fatiha. Ita ke kai masa kaya wurin masu aikawa gida Nijar. Bara motar ta lalace ta kawo ta wannan gareji, ta shiga lungun da baya-baya ba ta gogi ko bango ba, Sharhabilu ya saki baki yana kallo. Shi ya fara kai ta filin tsere da ke bayan birnin Oktoba, inda ake jera motoci biyu a kan layi, a ga wadda za ta riga cinye mita ɗari huɗu. Daga kallo ta koma shiga. Daga gyaran mota kuma zukata suka ƙullu.

Baba bai san ko ɗaya ba.

"Ki saurare ni, Hassumi," in ji Sharhabilu a hankali. "Injin dizal ƙarfinsa na cikin turbo. Duk sanda kika taka kuloci za ki canza giya, kin ɗaga ƙafa daga totur, turbo ya saki iskarsa, sai ya sake tarawa. Sau uku kike yin haka kafin ki kai ƙarshe. Otomatik kuwa tun kina kan layi kin danne birki kin danne totur, iska ta cika, kina sakin birki ta tafi ke nan, ba ta sauke numfashi."

"Khalas, ya isa haka! Ka bar kewaye-kewaye. Ka faɗa min a gabana abin da ka faɗa a bayana."

"Me na faɗa?"

"Cewa ƙafar mace ba ta iya da kuloci!"

Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Ni? Wa ya gaya miki haka?"

Idonta ya ciko, amma ta rantse a ranta ba zai ga hawayenta ba.

"Ka mayar min da abina yadda yake, Malam Sharhabilu."

Ta juya ta fice. Ta bayan gilashin ofis, Mahasin 'yar mai garejin ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ita ce jiya ta ja Hassumi gefe, ta raɗa mata maganar kamar mai jin tausayinta. Shekara biyu Mahasin na kai wa Sharhabilu shayi da hannunta, bai taɓa wuce "na gode" ba. Ga shi kuma yayanta Munzir ne zakaran motocin dizal a filin, saura sati uku a yi babban tsere, kowa na cewa yarinyar nan 'yar Nijar ce kaɗai ke iya tayar masa da hankali.

Kwana biyu Hassumi ba ta ɗaga wayarsa ba.

Rana ta uku ta shiga shago bayan azahar, ta tarar da Baba zaune shiru, waya a hannunsa. Ya juyo mata da fuskar wayar. Motarsa ce ke ta tafka baƙin hayaki a kan layi, ita ce a ciki da hular kwano.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Baba..."

"Wata baiwar Allah ce ta kawo min, ta ce nasiha ce. Ni Sabo, a bakin duniya zan ji labarin 'yata?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Kuma da wa? Da yaron da iyayensa suka turo karatu, ya gama ya kulle takardar shahadarsa a akwati ya tsoma hannu cikin baƙin mai! Daga yau babu ke babu shi, babu ke babu filin nan."

Bai rufe baki ba aka yi sallama. Sharhabilu ne, cikin farar jallabiya, makullin mota a hannu ɗaya, wani ƙaramin littafi a ɗayan. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Alhaji, ga motarku an gyara. Laifin kuma nawa ne, ni na kai ta filin. Ku hukunta ni, ku ƙyale ta."

"Tashi ka bar min shago."

"Zan tashi, amma sai na faɗi abin da ya kawo ni. Ina son Hassumi, aure nake nufi. Sana'ata ba ta ba ni kunya, karatuna kuma shi ya hana ni cutar mai mota."

Hassumi ta ɗago ta dube shi. Fushi take da shi, amma wallahi tsayuwarsa ta burge ta.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Can ya gyara zama, ya ƙanƙance ido.

"An kuma ce min kana so ka sa wa motata otomatik?"

"Haka ne, Baba."

"Innalillahi! Motar malalata? Shekara ashirin da biyu ina ratsa hamada daga Agadas da kaya har sama, hannun nan da ƙafar nan su ne otomatik ɗina!"

"A hamada ku ne da gaskiya, Baba. A yashi da hawa ba abin da ya kai giyar hannu. Amma mita ɗari huɗu wani abu ne daban."

Baba ya miƙe tsaye, ya fizge makullin.

"Ran Asabar mu haɗu a filin naku. Ni zan tuƙa. In nuna maka abin da ba a koyarwa a gareji, daga nan kuma kowa ya kama gabansa!"

Asabar da hantsi filin ba mutane sosai, ranar gwaji ce. Baba ya naɗe hannun riga, ya ƙi hular kwano sai da masu kula da wurin suka nace. Ya hau layi. Fitila ta koma kore, motar ta zabura tana gurnani. Hassumi na jin kowace giya da ya canza, hannunsa bai tsufa ba ko kaɗan.

Allon ya nuna sakan goma sha biyar da ɗigo shida.

Ya dawo ya sauko yana huci. "To, wa ya taɓa yin haka a motar nan?"

Sharhabilu ya buɗe littafin nan ya miƙa masa. Duk gwajin da aka yi da motar yana ciki, da kwanan wata da sunan mai tuƙi. Hassumi ta leƙa ta kafaɗar Baba. Ta ga sunan Sharhabilu sau shida, mafi kyawunsa goma sha biyar da ɗigo ɗaya. A ƙasa ta ga nata, goma sha huɗu da ɗigo shida, an ja masa layi biyu da jan biro, an rubuta a gefe: Masha Allah.

Ba ta taɓa sanin ya gwada motar da kansa ba.

Baba ya ɗago. "Ƙarya ne. Ke, shiga in gani."

Ta shiga. Ta yi bisimilla. Ƙafarta da hannunta suka yi aiki kamar abu guda, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, iska na bugun gilashi.

Goma sha huɗu da rabi!

Da ta sauko ta tarar da Baba ya cire tabarau yana goge ido da gefen rawaninsa.

"Ƙura ce," ya ce, ba wanda ya tambaye shi. Sai kuma ya fashe da dariya. "Ta fi ni! Wallahi ta fi ni!"

Hassumi ta juya ga Sharhabilu.

"Me ya sa ba ka taɓa nuna min ba?"

"Wane namiji ne ke tallan an kayar da shi?" Ya yi murmushi. "Habibti, masoyiyata, ta yaya zan ce ƙafar mace ba ta iya kuloci ba, alhali taki ta fi tawa? Kin kai motar nan inda giyar hannu ta tsaya. Ba ke ce kika gaza ba, ita ce."

"Mahasin ce ta ce ka faɗa..."

"Mahasin?" Baba ya katse ta. "Doguwa, mai lalle har gwiwar hannu? Ai ita ta kawo min hoton!"

Sharhabilu ya girgiza kai kawai. Hassumi ta sunkuyar da nata.

"Ma'alish, ka yi haƙuri, Yaya Sharhabilu. Na zalunce ka."

"Ya wuce, sarauniyata."

Baba ya yi gyaran murya da ƙarfi, suka yi saurin matsawa nesa da juna.

"Kai yaro, kunnena bai mutu ba. Sau uku na ji injin ya saki numfashi a hannuna, sau uku a hannunta. Abin da ka faɗa gaskiya ne, ko da yake bai yi min daɗi ba." Ya dubi 'yarsa. "Mota tawa ce, amma ƙafa taki ce. Zaɓi."

"Baba... ka yarda in shiga tseren?"

"Na ce ki zaɓa!"

Ta dafa murfin motar, da sauran zafinsa. Wannan giyar ce ta koya a kanta, da ita ta san kowane lungu na Alƙahira. Ta ɗago kai.

"A sa otomatik. Amma kowa ya shaida, ban bar kuloci don ya fi ƙarfina ba. Sai da na kai shi iyakarsa."

Sati biyu suka yi suna aiki. Sharhabilu ya ɗauke motar zuwa garejin wani abokinsa, ya bar wa su Mahasin nasu ba tare da ya ɗaga murya ba. Kullum da safe Baba na zaune a kujerar roba da carbinsa, wai gadi yake, amma kafin azahar shi ke miƙa sifana. Hassumi ta sha wuya da farko, ƙafarta ta hagu na neman kulocin da babu. A hankali ta koyi danne birki da ita, tana sauraron kukan turbo har ya kai inda take so.

Ranar tsere filin ya cika maƙil. Ta kayar da mutum uku ɗaya bayan ɗaya, aka zo zagayen ƙarshe, ita da Munzir da ƙatuwar baƙar motarsa.

Tana ɗaura hular kwano Mahasin ta matso.

"Ashe dai an koma motar mata."

Hassumi ta kalle ta daga sama har ƙasa.

"Eh. Ki tsaya ki ga abin da mata ke yi da ita."

Sharhabilu ya leƙo ta taga. "Yalla, mu je, ruhina. Kar ki kalli gefensa, fitila kawai."

Ta danne birki. Ta danne totur. Turbo ya fara kuka, motar na rawa kamar za ta tsinke. Kore!

Ta saki.

Kujera ta manne mata a baya. Munzir ya riga ta fita da tsawon hanci, tana ganinsa ta wutsiyar ido. Motarsa ta ɗan numfasa zai canza giya, ta kamo shi. Ya sake numfasawa, ta wuce. Tata kuwa murya ɗaya ta riƙe har suka keta layin ƙarshe.

Goma sha uku da ɗigo biyu. Munzir, goma sha uku da ɗigo huɗu.

Filin ya kaure da ihu da tafi. Ko da ta dawo, ta hango Baba a kan kujerar roba tsaye, hularsa a hannu, yana kama duk Bamisiren da ya gifta.

"Binti! 'Yata ce! 'Yar Sabo ce, ni na koya mata!"

Munzir ya zo ya ɗora hannu a ƙirji ya yi mata barka. Mahasin kuwa tuni ta sulale.

Hassumi ta rungume Baba, hawayen da ta daɗe tana riƙewa suka zubo. Sharhabilu na gefe, hannu duk baƙin mai, fuskarsa kamar an yi masa bushara da Aljanna.

Baba ya yafito shi.

"Kai, su wa kake da su a garin nan?"

"Akwai kawuna a Darrasa, Baba."

"To ka ce masa ina jiransa ran Juma'a bayan an sauko masallaci. Kuma ya zo da goro mai kyau, ba kowace irin yarinya zan ba ku ba."

Sharhabilu ya zube ƙasa yana godiya, bakinsa ya kasa haɗa kalma biyu. Hassumi ta ja mayafi ta rufe fuska.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura auren Hassumi Sabo da Sharhabilu a Darrasa. Baba da kansa ya tsaya a bakin masallaci yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya ce Allah ya sanya alheri sai ya riƙe masa hannu ya ce:

"Amin. Ka san kuwa amaryar nan ba ta da na biyu a Masar?"