Batirin Ƙwan Kaka

A garin Gafasa akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da kirki, amma akwai ta da rawar kai. In ta ga abu a ajiye, sai ta samo masa aiki.

Kakarta, Kaka Barira, tana da wata zabuwa da take ji da ita. A farkon damina zabuwar ta saka ƙwai da yawa, sai ciwo ya kama ta, ta mutu. Kaka ta tattara ƙwan a ƙwarya, ta zauna tana kallonsu. Ranar ko tuwon kirki ba ta ci ba.

Yayan yarinyar, Ja'afar, yana koyon gyaran waya a Gaya. Shi ya kawo wani ɗan akwati mai ɗumama ƙwai, aka jera ƙwan a ciki. Ya ɗora farantin sola a kan rufin ɗaki, ya jawo waya zuwa akwatin. A gefe ya jona batir, girmansa bai wuce sabulun wanki ba.

"Yaya, in rana ta faɗi fa?" yarinyar ta tambaya.

Ya nuna mata wani ɗan baƙin abu a cikin akwatin, kamar ƙwayar wake. Ya ce shi ne mai kula da wuta. In akwai rana, yana ba ƙwai ɗumi daga sola, yana kuma cika batir a hankali. Da zarar rana ta ɓuya, sai ya juya kan batir kafin ƙiftawar ido.

"Kada ki taɓa batirin nan," in ji shi. "Ko da tsakar rana ne."

Ta ce to.

Wata Asabar Baba da Umma suka tafi gona. Ja'afar yana Gaya. Kaka ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ta bar wa yarinyar ɓarar gyaɗa. Aikin ya gundure ta. Ta ɗauko rediyon Baba, ta tarar ba caji.

Ta leƙa waje. Rana ta take sosai. Ta dubi batirin, ga shi can zaune.

Ta ce a ranta, ai yanzu sola ce ke aiki. Batirin nan hutawa kawai yake yi. Zan ara, in mayar kafin la'asar.

Ta zare shi, ta jona da rediyo. Akwatin bai ko girgiza ba, 'yar fitilarsa tana nan a kunne. Sai ta ji daɗin wayonta. Ta yi ta ɓarar gyaɗa tana bin waƙa, har ta manta da komai.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Gari ya yi duhu, ruwa ya sauko. Nan ta tuna. Ta ruga ɗaki, ta ga fitilar akwatin a mace. Da sauri ta mayar da batirin. Fitilar ta kawo, ta ɗan yi ƙyaf-ƙyaf, ta sake mutuwa. Rediyo ya shanye sauran cajin.

Kaka ta shigo a jiƙe, ta same ta tana kuka.

"Ƙawata, wa ya taɓa min ke?"

"Kaka, ni ce na cire batir. Ƙwanki suna yin sanyi."

Kaka ta sa hannu a akwatin. Ta ji ƙwan sun fara sanyi. Yarinyar ta tsaya tana jiran faɗa.

"Share hawayenki," in ji Kaka. "Ɗauko min ƙwarya da tsohon zanena."

Suka jera ƙwan a hankali, suka lulluɓe. Kaka ta ce a wurin barka ta ji kazar maƙwabciyarsu Inna Afra'u ta fara kwanci. Suka fita cikin ruwan. Yarinyar ta rungume ƙwaryar a ƙirji, tana tafiya sannu-sannu don kada santsi ya kwashe ta.

Inna Afra'u ba ta yi musu ba, ta buɗe musu akurki. Kaka ta ce yarinyar ce za ta saka ƙwan da hannunta. Kazar ta kumbura, ta tsattsage ta a yatsa. Ta ji zafi, amma ba ta janye hannu ba. Sai dai fikafikan kaza ba su iya rufe duka ba. Kaɗan suka rage, Kaka ta koma da su gida cikin zane.

Da Ja'afar ya dawo, yarinyar ta faɗa masa komai, kanta a ƙasa. Bai daka mata tsawa ba. Ya zaunar da ita kusa da shi.

"Lokacin da kika ga yana zaune, abincinsa yake ci," in ji shi. "Da rana yake ƙoshi, don ya iya aiki in duhu ya zo."

Ta ba shi haƙuri, ta ba Kaka haƙuri.

Kwanaki suka wuce. Ƙwan da suka rage ba su ƙyanƙyashe ba, sanyi ya riga ya shige su. Yarinyar ta ji ciwon abin har ranta.

Amma wata safiya Inna Afra'u ta aiko a kira su. Ga 'ya'yan zabi nan ƙanana, masu zane a ka, suna bin kaza a tsakar gida. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ta kama ɗaya, ta ɗora a tafin jikarta.

"Wannan taki ce, ƙawata. Ki kula da ita."

Yarinyar ta riƙe ta da hannu biyu, tana jin ɗuminta. Tun daga ranar ta gane cewa abin da aka ajiye don lokacin buƙata ba zaman banza yake yi ba. In kuma babba ya ce kada a taɓa abu, sai ta tambayi dalili kafin ta kai hannu.