Sunayen da Babu Mai Su

Ana gab da magariba Oga ya leƙo ofis, jaka a kafaɗa.

"Injiniya, gwajin nan yau ma ya yi nauyi. Ki duba kafin ki tashi."

"To," ta ce. Tun rasuwar mijinta, komai aka ce mata "to" ce amsa.

Manhajar kiran motar asibiti suke haɗawa. Kullum da yamma kwamfuta kan ƙirƙiro mutanen bogi, sunaye da lambobin da babu mai su, ta sa su kira mota a lokaci guda, ta auna saurin aikin, sannan ta goge su. In na yau ya gaza na jiya sauri, allo ya yi ja, ita za ta nemo gyaran da ya jawo. Jinkiri kaɗan ne a nan, amma a waje wata mai naƙuda ce ke jira da waya a hannu.

Ta bi gyare-gyaren makon tana cirewa tana sake gwadawa. Ja. Ta dawo da manhajar watan jiya, wadda ta san lafiyarta ƙalau. Ja. Sai ta lura wajen goge sunayen ne abin ke tirjewa.

Ta ɗauki mukulli ta nufi ɗakin injina, inda manyan kwamfutocin suke, a ƙarshen baranda. Kowa ya watse. Can ƙasa maigadi na alwala, tana jin ƙarar butarsa.

Ɗakin da kullum sanyinsa ke shiga ƙashi, yau ɗumi ne ya tare ta. Warin gumi da man zafi, irin na layin ganin likita. Ba kowa. Fankoki na ta gunji, amma a ƙarƙashin gunjin akwai numfashi. Na mutane da yawa.

Ta jira tsoro ya zo mata, bai zo ba. Ta ja kujera gaban kwamfuta ta soma goge sunayen da hannu.

Ta goge ɗaya. Wani tari da ke kusurwa ya yanke.

Ta goge na biyu. Jariri ya fara kuka, aka toshe masa baki.

"Baiwar Allah."

Muryar tsohuwa ce, daidai kunnenta.

"Gidaje muka tarar babu kowa, muka shiga. Kullum sai kin rushe mana."

Wani hannu mai danshi ya kama wuyan hannunta.

"To ba mu naki gidan. Ai ke ma babu kowa a ciki."

Ta ji ana taɓa ƙirjinta, a hankali, kamar mai gwada ko ƙofa a kulle take. Sunanta ma ya soma kuɓuce mata. Bakinta ya buɗe zai ce "to".

Sai ta tuna 'yarta tana gidan yayarta, da takalmi a ƙafa, tana jiran a zo ɗaukarta.

"Da mutum," ta ce. Da ƙyar muryar ta fita. "Da mutum a ciki."

Ta fizge hannunta, kujera ta kife. Da rarrafe ta kai ƙofa tana a'uziyya.

Maigadi ya same ta zaune a matakala, da takalmi ƙafa ɗaya.

"Lafiya, ranki ya daɗe?"

"Rufe ɗakin can," ta ce. "Kada ka leƙa."

Washegari ta cire umarnin gogewa daga gwajin. Allo ya koma kore, Oga har da sa mata albarka. Ba ta sake shiga ɗakin ba.

Bayan an saki manhajar, wani direban motar asibiti ya zo ofis da ƙorafi. Ana yawan kiransa da magariba, in ya je sai ya tarar da fili, babu gida babu mutum.

"Wannan bai dame ni ba, Injiniya," ya ce. "A dawowa ne motar ke yin nauyi."