Kwamfutar Baƙon Gozaki

Awaisu mai gyaran kwamfuta a Malumfashi yana tattara kayansa da almuru, sai wani dogon mutum ya shigo shagon babu sallama. Rigarsa tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka.

"Daga bayan Gozaki nake," in ji shi, ya ajiye kwamfuta. "Mutuwa take yi haka kawai."

Awaisu ya duba batir, lafiya lau. Ya taɓa ƙasanta ko zafi take yi, ya ji ta da sanyi kamar randa. Ya kunna, ta kawo haske. Ya yi bisimilla kamar yadda ya saba kafin ya fara aiki, sai ta ɗauke ɗif. Ya sake kunnawa, ya sake bisimilla, ta sake mutuwa.

Mutumin ya zagayo bayansa, numfashinsa mai sanyi yana sauka a ƙeyarsa.

"Malam, daina faɗin wannan. Shi ne ba ta so."

Awaisu ya kalli baƙin gilashin kwamfutar. Ga fuskarsa, ga ƙofar shago a buɗe. A bayansa babu kowa.

"Kunna mana," in ji muryar, dab da kunnensa.